Jan Kifin Ramin Rayyis

Ɗan ƙanwata ne ya turo mini hoton a waya, makon jiya. Tun da aka rushe Karantina, tsohuwar unguwarmu, mutanenmu da suka watsu cikin unguwannin Jidda suka buɗe zaure a waya, kowa yana tono tsofaffin hotuna daga ƙasan akwati yana sakawa. Wannan fari da baƙi ne, ruwa ya ci gefensa. Wani dattijo ne tsaye a ƙofar gahwa, wato wurin shan shayi, rungume da kifi, haɓarsa a sama. An rubuta a ƙasa: Allah ya jiƙan gwanin teku. Mutane sai jera amin suke yi. Na daɗe ina kallonsa, ban rubuta komai ba. Kifin nan ni na kama shi, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ranar farko da na taɓa shiga jirgin ruwa.

Kai da ba ka san Karantinar wancan lokacin ba, ka ɗauka gidaje ne na langa-langa da katakon akwatuna, sun jingina da juna, lunguna kuma ba su wuce faɗin amalanken jakin mai ruwa ba. Idan zafi ya kama, iska takan taso daga teku da danshi da gishiri, riga ta manne a baya tun kafin hantsi. Warin kananzir, warin busasshen kifi, hayaƙin masu tsire da yamma. A nan aka haife ni. Babana kuwa ba a nan aka haife shi ba. Da ƙafa ya ratso Chadi da Sudan yana saurayi, ya ƙetaro ruwa, ya yi aikin hajji, ya zauna yana dako a tashar jiragen ruwa. Larabcinsa bai taɓa miƙewa ba har ya bar duniya.

A bakin lungunmu akwai gahwa mai dogayen gadajen igiya, inda maza ke shan shayi. Gado biyu na kusurwa ba kowa ke hawansu ba. Na shilla ne, wato ƙungiyar masu kamun kifi ta unguwarmu. Su shida ne, duk haifaffun Jidda, jikokin alhazai, masu fara magana da Hausa su ƙarasa da Larabci. Ba sana'arsu ba ce su. Akwai tela, akwai direba, akwai mai gyaran rediyo. Amma kowace Juma'a, da an sallame asuba, sai su tura hurinsu, wani dogon jirgin katako mai ƙaramin inji, su dawo kafin kiran salla. Shugabansu, wanda kowa ke kira Rayyis, shi ne mutumin cikin hoton.

Kada ka ɗauka wasa ne. Wanda ya hau gadon nan, mai unguwa ya san fuskarsa. In ya kwanta ciwo, za a cika ƙofar gidansa. In takardunsa sun rikice, akwai wanda zai saka farar riga ya raka shi. Babana ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a ƙasar nan, kuma wannan gadon yake so. Shekara uku yana binsu. Shi ke ɗaukar ƙanƙara, shi ke yanka habbar, wata halittar ruwa mai tawada a ciki da ake sa wa ƙugiya, shi ke kwarfe ruwa daga jirgi da gwangwani. Ba a taɓa barinsa ya jefa zare ba. A gahwa kuwa a kan akwati yake zama, kansa daidai gwiwoyinsu. Alhaji suke ce masa, da wata irin murya da ke nuna mutum ne da ya gama abin da ya kawo shi, ya ƙi komawa gida.

Al'adarsu ita ce, duk wanda aka karɓa, Rayyis zai miƙa masa katakon naɗe zare mai tambarin shilla, wanda aka ƙona da jan ƙarfe. A ƙarshen zafin shekarar nan Rayyis ya ce wa babana ranar Juma'a zai jefa zarensa na farko, da la'asar kuma a ba shi katako a gaban jama'a. Tunda mai gwangwani ya samu girma, sai ya zo da ɗansa ya riƙe gwangwanin. Daren Alhamis innata ta wanke masa farar rigarsa ta Idi, ta rataye a igiya. Ban taɓa ganin babana yana waƙa ba sai ran nan.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne wannan. A inda suke tsayawa, gefen duwatsun murjani, akwai wani rami a ƙarƙashin ruwa, kuma cikin ramin akwai wani tsohon najil, jan kifin nan da mutanen Jidda ba su haɗa shi da kowane kifi ba. Wata biyar Rayyis yana kiwonsa. Kowace Juma'a zai jefa masa kawunan habbar ba tare da ƙugiya ba, don ya saki jiki. Ya kuma rantse a gaban shillar unguwar Mahjar, abokan hamayyarsu, cewa da hannunsa zai fito da shi kafin iskar sanyi ta juyo. Duk wanda ke cikin jirgin ya san ba a jefa zare ta baya, domin bayan jirgin ne ke kan ramin. Kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin faɗa. Babana ma, da hankalinsa ke kan zarensa, bai tuna ba.

Rana ta ɗaga, ruwa ya yi kore shar, har kana hango duwatsun ƙasa. Mazan duk sun taru gaba da tsakiya, suna ciro ƙananan kifaye, suna yi wa babana dariya domin shi ko taɓawa ba a yi wa ƙugiyarsa ba. Ni ina baya ni kaɗai, ruwan jirgi ya ƙare, ba abin yi. A ƙarƙashin katako na tsinci guntun zaren da aka yar, da ƙugiya mai tsatsa. Na soka mata ragowar habbar, na naɗe zaren a hannuna sau uku, abin da ko mahaukacin masunci ba zai yi ba, na sake shi cikin ruwa.

Ban ƙirga goma ba. Wani abu ya fizge ni, haƙarƙarina ya bugi gefen jirgi, zaren ya nutse cikin namana. Na kurma ihu. Babana ya tsallake mutum biyu ya cafke ni ta ƙugu. Wani yana cewa a yanke zaren, wani yana cewa a bari. Ni dai ja nake, ba don jarumta ba, don ba ni da yadda zan saki. Da kifin ya san hanya da ya koma raminsa ya tsinke zaren a kan dutse, amma wata biyar na abincin banza sun sa ya fito fili. Sai ga shi ya taso, ja wur da ɗigo-ɗigon shuɗi, bakinsa a buɗe. Direban ne ya sa hannu ya jefo shi ciki. Tsawonsa ya kai daga ƙasa zuwa ƙirjina.

Na juya ina dariya, jini na bin gwiwar hannuna, ina jiran a yaba mini. Sai ƙarar jelar kifin a kan katako.

Na yi yawo a duniya bayan haka, aikin jiragen ruwa ya kai ni inda ban zata ba, kuma ko'ina na ga sa'ar sabon shiga. A Dakar na ga wani yaro ya yi irin nawa, masuntan suka ɗaga shi sama suka jefa shi ruwa suna shewa. A kan wata gada a Istanbul na ga tsofaffi sun zagaye wani baƙo da ya ciro kifi a jifan farko, suna zaginsa cikin raha, suna tura masa shayi. A Bur Sudan cewa suke teku na yi wa baƙo kara ne don ya dawo. Ko'ina akwai ɗan haushi a ciki, ban musa ba, amma haushi ne da dariya ke wankewa. Ban sake ganin fuskoki irin na mutanen nan shida ba.

Rayyis bai dube ni ba. Sai ya juya ga babana.

"Alhaji, shekara uku muna koya maka zama da mutane, ashe ko ɗanka ba ka koya wa ba."

Babana ya fara ba da haƙuri da karyayyen Larabcinsa. Rayyis ya ɗaga hannu.

"Halas, magana ta ƙare. Kifin nan ni na kama shi. Duk wanda ya ga wani abu daban, ya nemi wani jirgin."

Telan ya ce ai kowa ya gani, Rayyis ne. Sauran suka gyaɗa kai. Babana ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure mini hannu, ya matse da ƙarfi fiye da yadda ciwon ke bukata, ya ce a kunnena, "Ka haɗiye harshenka."

Da la'asar gahwa ta cika. An kira mai hoto, an ɗauki wannan da ake ta yi wa amin yanzu. Babana yana tsaye cikin farar rigarsa, katako mai tambari yana ajiye kusa da cinyar Rayyis, kowa na ganinsa. Sai ga mutanen Mahjar sun iso, shugabansu a gaba, wani siririn tsoho mai raha da mugun ido. Ya zagaya kifin, ya buɗe bakinsa da yatsa, ya ga ƙugiyar da aka manta ba a cire ba.

"Masha Allah, ya Rayyis. Yaushe ka koma kamu da tsatsa?"

Aka yi 'yar dariya. Idonsa ya zagaya ya sauka a kan ƙyallen hannuna.

"Ya walad, kai yaro, me ya same ka?"

Babana ya riga ni. Ya ce wuƙa ce, wurin yankan habbar.

"Wuƙa? Buɗe mu gani, ɗan ɗan'uwana."

A nan ne nake so in faɗi gaskiya, domin na daɗe ina gaya wa kaina tilasta mini aka yi. Ba wanda ya riƙe ni. Lungu na bayana, da na ruga da shi ke nan. Na dubi Rayyis yana shafa gemu a kan kifina, na warware ƙyallen da kaina, na ɗaga hannun sama yadda na nesa ma zai gani. Layi uku, sun zagaye tafin hannu har baya. Duk wanda ya taɓa riƙe zare ya san abin da ke yin wannan.

Dariyar da ta tashi har masu tsire suka leƙo. Ban ga tahowar marin ba. Babana ne, wanda bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ya ce, da ƙarfi, cikin Hausa sannan cikin Larabci, "Maƙaryaci ne! Ƙarya yake!" Alhali ko kalma ɗaya ban furta ba.

Ya sayar da ni a gaban unguwa, kuma bai samu abin da ya saya ba. Rayyis ya ɗauki katakon ya sa a aljihu ya tashi. Ba wanda ya ce wa babana an kore shi, ba su da wannan mutuncin. Juma'ar da ta biyo ya ɗauki ƙanƙara ya tafi bakin ruwa, ya tarar jirgi ya tashi. Ta biyu ya tafi tun kafin a sallame, ya tarar sun sauya wurin tashi. Ta uku ya tsaya har ƙanƙarar ta narke a kafaɗarsa. A gahwa, akwatin da yake zama aka ɗora wa buhun gawayi. In ya yi sallama sai su amsa wa bango. Matansu suka daina aiko wa innata da komai, 'ya'yansu suka sa mini suna ɓarawon rami, sunan da ya bi ni har na bar makaranta. Da ciwon baya ya kwantar da shi shekaru bayan haka, ƙofarmu ba ta ga ko ɗayansu ba.

Ni da shi ba mu sake tayar da zancen ba. Na riƙe marin a raina, shi ma na san ya riƙe buɗe hannun. Sai a ciwonsa na ƙarshe, na dawo daga tafiya ina zaune gefensa ina yi masa fifita, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Kai, da ya ja, yaya ka ji?" Na gane nan take. Na ba shi labari tun daga tsintar zaren, a hankali, ban rage komai ba. Ya saurara idonsa a rufe. Da na gama ya ce, "Ni ko sau ɗaya bai taɓa ja mini ba."

Yanzu ƙungiyoyin kamun kifi sun cika Jidda. Suna da jirage masu inji biyu, da na'urar da ke nuna kifi a ƙarƙashin ruwa, da sikeli, da riguna iri ɗaya. Kowane kamu ana ɗaukarsa a waya tun daga jan farko, ba mai iya ƙwace wa yaro kifinsa. Wannan na yaba. Amma na leƙa ɗaya daga cikinsu, na ga ƙofa da mai gadi da katin shiga, na ga wani baƙo yana wanke musu jirgi suna kiransa ba da sunansa ba. Irin babana a yau ko akwatin zama ba zai samu ba.

Bayan rushe unguwar na je na taka filin. Inda ɗakinmu yake, na tsaya na yi kuka kamar yaro, ban ji kunya ba. Sannan na ƙirga taku zuwa bakin lungu, inda gadajen nan biyu suke. Tsakuwa ce kawai da guntayen bulo, iska na wucewa ba abin da ya tare ta. Na tsaya na nemi baƙin ciki a zuciyata, na nema da gaske, domin na tsufa kuma na san ni ma ina da abin da zan amsa. Ban samu ba. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.