Tokar da Yaya Sanda bai karɓa ba

A wannan watan Yaya Sanda ya cika shekara talatin da ɗaya a ƙasa. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma yanzu na kai shekarun da shi bai kai ba. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan tara iyali a yi masa addu'a, a ba da sadaka, kowa ya kama gabansa. Bana na ce sai na rubuta, saboda wata gardama da na ji a bakin filin ƙwallon Filinge ranar Lahadin da ta wuce.

Ƙungiyar garinmu ta fara cin wasa bana, bayan ta daɗe tana shan kashi. Sai ga fili ya cika da mutanen da ban taɓa ganin ƙafarsu a wurin ba. Wani magidanci da yake zuwa tun ana ɗura mana ƙwallaye ya tare maƙwabcinsa yana tambayarsa ina yake bara da bara waccan. Shi kuwa ya ce filin ba gadon uban kowa ba ne. Aka yi ta cacar baki har aka raba su, mutane na dariya. Ni ban yi dariya ba. An taɓa yi mini irin wannan tambaya, kuma har yau ban fita daga cikinta ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba wani malamin lekol, wato makarantar boko, ya kawo ƙwallon fata garin, samarin unguwar kasuwa suka kafa ƙungiya. Yaya Sanda tela ne, ƙafarsa ta hagu ta ɗan gajarta tun yana ƙarami, bai taɓa buga ƙwallo ba ko sau ɗaya. Amma shi ya ɗinka wa ƴan wasa riguna da ragowar yadi, kowace da irin shuɗinta, kuma shi ya fito da maganar toka. Ba mu da farar ƙasar zana layin fili, sai ya ce duk mai son ƙungiyar ya zo da tokar murhun gidansu ranar Lahadi da safe. Ya tankaɗe ta da rariya, ya zuba a gwangwanin da ya huda, ya bi igiya yana ɗingishi yana zuba layi. Layin bai taɓa miƙewa sosai ba. Ƴan garin Damana in sun zo wasa sukan ce filinmu ma gurgu ne, mu kuma mu rama da ƙwallo in Allah ya ba mu sa'a.

A yamma da filin akwai babban gawo, kuma kowa ya san gawo da rani yake ganye, lokacin da ake wasa. Dokar Yaya ita ce wanda tokarsa ta shiga layi shi ne mai zama a inuwar gawon. Wanda bai kawo ba sai ya tsaya gabas, rana tana dukan idonsa har a tashi. Da farko abin wasa ne. Mata suna ta mita muna kwashe musu tokar miya, magatakardan kumandan mai mulkin gari ma sai da ya aiko da tasa tokar a cikin ambulan kafin a matsa masa wuri. Aka sa mana suna ƴan toka, muka karɓa da alfahari.

Sai babban fari ya zo. Damina ta ƙi, ta sake ƙi. Rumbuna suka ƙare, shanu suka yi ta faɗuwa a bakin rijiyoyi, mutanen ƙauyukan wajen Tabla suka cika gari suna neman abin da mu ma ba mu da shi. Ƴan wasa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, mai tsaron gida ne ya fara tafiya. Wata Lahadi da Yaya ya ga ƴan inuwa sun ragu da rabi, ya miƙe a gaban kowa ya rantse cewa duk wanda ya bar filin nan a wannan halin, shi Sanda ba zai sake karɓar tokarsa ba. Mutane suka ɗauka irin maganar Sanda ce, wasu har da tafi. Ni ma na tafa, ban ɓoye ba.

Wata biyu bayan haka na shiga kamiyo, babbar motar kaya, da matata da jaririnmu muka nufi kurmi, ƙasashen bakin teku inda mutanenmu suka saba zuwa neman abinci. Ranar da na je shagon Yaya sallama bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ba na jin kunyar tafiyar nan, kuma ba zan fara jinta yau don ina rubutu a jarida ba. Nonon matata ya kusa ƙafewa, na ɗauke su na tafi.

Sau biyu ina aiko masa da saƙo ta bakin direban kamiyon cewa ya taho da matarsa Ramatu da yaran, akwai aikin ɗinki a can har ya gaji. Na farko ya ce a tambaye ni wa zai zana layi. Na biyu bai ba da amsa ba. Waɗanda suka zauna sun ba ni labari daga baya cewa bai fasa Lahadi ko ɗaya ba, alhali babu ƴan wasan da za su cika gefe guda. Tokar kanta ta yi wuya, don gidaje da yawa sun daina hura wuta kullum. Ta ƙwaryar da mutum ya riƙo ake gane ko an ci abinci a gidansu cikin makon, har wasu suka daina zuwa don kunya. Layin ya yi ta sirancewa, shi kuwa yana ta bin igiyarsa. A cikin waɗannan shekarun ne ƙyanda ta sami ɗiyarsa Hadiza a kan yunwa, tana da shekara huɗu, ta rasu. Sai bayan watanni labarin ya iske ni.

Shekara takwas na yi kafin na dawo. Ruwa ya sauka, an kafa sabuwar ƙungiya, mu ƴan kurmi mun dawo da rediyo da kekuna muna ƙyalli. Lahadin farko na sa matata ta kwashe mini toka mai kyau, na ɗauki ƙwarya na nufi fili raina fes. Na sami Yaya durƙushe yana tankaɗe. Na ajiye ƙwaryar a gefensa, ya dube ta, ya dube ni.

"Mamman, ɗauke ƙwaryarka," ya ce. "Gabas akwai wuri."

Na yi dariya, na zaci zolaya ce. Da na ga dattawan inuwa sun sunkuyar da kai, na ɗauki ƙwaryata na zagaya gabas. Ban san yadda wasan ranar ya ƙare ba.

Kada mai karatu ya ɗauka Yaya ya yanke ni. A akushi ɗaya muke cin tuwo. Shi ya ɗinka wa ƴaƴana kayan Sallah, shi ya riƙe mini gonata shekara takwas ya mayar mini ba tare da na tambaya ba. In zazzaɓi ya kwantar da ni shi ne farkon zuwa. Abu ɗaya ne kawai, kuma abu ɗayan nan ya fi mini sauran duka ciwo. Limamin unguwarmu ya same shi ya nuna masa cewa rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai ko ya yi azumi ya huta. Yaya ya yi godiya, ya raka liman har bakin ƙofa, Lahadi ta zo ya sake nuna mini gabas.

Sauran waɗanda suka dawo ba su tsaya lallashi ba. Suka kafa rumfar zana a gabas, suka kawo kalangu, ihunsu ya fi na ƴan inuwa. Suna cewa da yunwa ta kashe su, wa zai zo kallon layin Sanda yau? Gaskiya suka faɗa, kuma na yarda da su. Amma ban iya shiga rumfarsu ba, don shiga can kamar na ce na haƙura da gawon ne. Sai na sami wurina a kusurwar fili, ba rumfa ba inuwa. Duk Lahadi in zo da toka, ya ƙi, in tsaya a kusurwa, a tashi in koma da ita gida. Matata ta gaji da magana, ta riƙa ware mini tokar ba tare da ta dube ni ba.

Da fari na biyu ya zo, abokan tafiyata suka sake hawa kamiyo, suka kira ni na ƙi. Na ce wa kowa gona nake tsaro. Yau ina faɗa a fili cewa ba don gona na zauna ba, don toka ne. Na sa iyalina cikin wahalar da zan iya kauce mata, don in nuna wa yayana cewa ni ma na iya zama. Allah ya rufa asiri ban rasa kowa ba, amma ba dabarata ba ce. Da damina ta dawo na kai masa ƙwarya ina da tabbacin an gama. Ya daɗe yana kallonta fiye da kullum, hannunsa har ya ɗan motsa, sannan ya ci gaba da tankaɗe. Ranar na yi fushin da ban taɓa yi ba, na yi wata guda ban taka shagonsa ba.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Wata Asabar bayan la'asar ina zaune kusa da shimfiɗarsa a zaure, na ga jikin ya tafi, na ce in ban tambaya yau ba babu sauran rana. Na ce masa gobe Lahadi, ni zan zana layin tunda ba ya iya tashi, ya ba ni izini in haɗa da tawa tokar. Ya buɗe ido ya dube ni.

"Kana zaton ban so in amsa?" ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Mamman, in na amshi tokarka, ke nan tahiya ba laihi ba ce. In tahiya ba laihi ba ce, mi yas sa ban ɗauki Hadiza na sa ta cikin kamiyo ba? Hwaɗa mini."

Na riƙe hannunsa har aka kira magariba. Ranar Talata ya cika.

Bayan addu'ar arba'in Ramatu ta gaya mini abin da ban sani ba. Lokacin da saƙona na biyu ya zo, Hadiza tana da rai. Yaya ya kwance kan kekensa ya naɗe shi a buhu, ya ce mata ta haɗa kayan yara, ya ɗauki buhun ya tafi tasha ya nemo musu wuri. A can ya tarar da biyu daga cikin ƴan inuwar gawo, ɗayan ya ce cikin raha, Sanda, kai ma? Sai Yaya ya ce gyara zai aika da keken. Ya ɗan tsaya, ya ce ma ya fasa, ya saɓo buhunsa ya dawo gida. Ramatu ta ce bai sake ambaton ranar ba har ya mutu, ita ma ba ta tuna masa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Samari sun cika rumfunan tele, wato talabijin, suna kuka saboda ƙungiyoyin Turai, in tasu ta daina ci su sauya wata kafin kaka. Da farar ƙasa ake zana layi yanzu, a miƙe tsaf. Na san zai yi tsaki, zai kuma tsaya bayan magidancin nan mai tambayar ina kake bara. Ni kuwa da zan ja wannan bawan Allah gefe in ce masa ya bar maƙwabcinsa ya shigo. Bai san abin da ya hana shi zuwa bara ba. Kuma in ya ɗaure maganar da ƙarfi a gaban mutane, wata rana shi kansa zai nemi hanyar fita ya rasa.

Yayana ya yi kuskure, ina faɗa ina kuma son sa. Amma ba don shi ba da an yi kasuwa ko gidaje a filin nan tun shekarun yunwa, don layinsa ne kawai ya nuna cewa wurin yana da masu shi. Duk wanda ya buga ƙwallo a Filinge yau, a kan taurin kan Sanda yake gudu, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Har yanzu ina kai toka ranar Lahadi. Masu kula da filin sun saba da ni, suna kirana Baba mai toka, sukan karɓa su barbaɗa ta kan farar ƙasarsu don su faranta mini. Gawon yana nan, an ma sa benci a ƙarƙashinsa. Kowane mako sai sun ce, Baba, shigo inuwa, ranar nan ta yi maka yawa. Nakan yi godiya in ce ƙafafuna sun fi son tsayuwa. Ba su san cewa ba su ne suka hana ni ba, don haka ba su ne za su ce in shigo ba. Wanda zai faɗa yana maƙabartar gabas da gari shekara talatin da ɗaya, kusa da Hadiza. Allah ya gafarta masa, ya sa ta riƙe hannunsa a can. Ni dai Lahadi mai zuwa ina kusurwa.