Gwadon Kailu Ya Dawo

Ku gafarce ni, manya. Yarinya ce ni, amma na ga ba wanda ya ce komai a kan Baba Magagi masaƙi, ga shi idanunsa sun tafi, yana shirin ajiye ƙoshiyar saƙa.

Kullum da hantsi yana ƙarƙashin gawon bakin kasuwar Filinge, ƙafafu cikin ramin saƙa, zare miƙe har gindin garka. Tun kakanninsa kowane gida a ƙasarmu ta Kurfai da irin ratsin gwadonsa: gidan Albarka baƙi biyu da ja, gidan Tahiru idon zabo. Ba ya taɓa saƙa wa wani gida ratsin wani, ko an roƙe shi.

Da Anasara suka kwashi mazajenmu ɗaukar kaya, kowa da gwadonsa ya tafi. Da yawa ba su dawo ba, ba gawa, ba labari. Sai Giɗaɗo makiyayi ya fara kawo tsummoki daga daji, inda ya ce shanunsa suna ƙin cin ciyawa. Baba yakan shafa, ya shinshina, ya faɗi gidan mai gwadon. Inna Dijatu ta rantse duk ranar da tsumma zai iso, tun da safe dutsen da ke danne zarensa yakan ja kansa, alhali ba kowa a ramin.

Jiya dutsen ya ja, Giɗaɗo ya kawo tsumma, Baba ya ce na gidan Kailu ne. Habsa, wadda mijinta Kailu ya tafi tun kafin ɗanta ya yi haƙori, ta zo ta durƙusa.

"Baba, duba da kyau. Ratsi ai yana kama da ratsi."

"A hannun wani masaƙin, ɗiyata."

Ya daɗe yana bin zaren da yatsa.

"Zaren abawagga ke kika kaɗa shi, kin cika murzawa. Tahi ki cire awarwaro, Habsa."

Ta rungume tsumman, ta ce masa na gode. Yau ta shiga takaba.

Kai ne ka ƙawata su suna raye, Baba, kai ne kuma kake kiran sunansu da suka rasa mai kira. Allah ya saka maka. Samari, ku zauna kusa da shi ku koyi ratsin gidajenku, don har yanzu akwai matan da ke jira.

Ga shi ya juyo da fararen idanunsa wajen da nake laɓe. Bari in bi ta bayan rumbu tun bai tambayi ko wace ce ba.