Shirun da Na Yi a Gaban Akwatin Matata

Wani ɗan ƙauyenmu, malamin jami'a, ya ɗauki maganar da na yi ranar jana'izar matata ya sa a littafi, ya ce wai dabara ce. Abin da aka yi mini ke nan, kuma har a sa ni a rami ba zan manta ba. Ba zan faɗi sunansa ba. Shi ma bai faɗi nawa ba, kuma a ganinsa wannan ya wanke shi.

Ni ban gama sakandare ba. Na yi aikin masaƙa a Kakuri, nan Kaduna, har aka rufe ta aka watsar da mu, yanzu kayan gyaran babur nake sayarwa a Gonin Gora. Amma a unguwar Nasarawa, inda nake zaune, da baki aka san ni. In an yi rasuwa a cikin mutanenmu, bayan fasto ya gama, mata sun yi waƙa, akan tayar da mutum ɗaya ya ba da shaida a kan mamaci a madadin dangi. Da yawa ba sa iyawa. Wani kuka ya ci ƙarfinsa, wani ya yi ta zuba har jama'a su fara duba waya. To ni ake kira. Zan zauna da iyalin, in ji yadda mutumin yake, da wa yake faɗa, me ke sa shi dariya, in tashi in faɗa a gajarce. Kuma na san aikina, ba zan ɓoye ba. Na san inda ake sauke murya. Na san in ka ambaci 'ya'yan mamaci ka ɗan yi shiru, mata za su fara share ido. Har gwaji nake yi a ɗaki kafin in fita, 'yata tana leƙowa tana dariya.

Wata rana sai ga malamin nan, Dakta muke ce masa, a shagona, ya ja benci ya zauna.

"Yaya, littafi nake rubutawa a kan fasahar magana, abin da malamai ke kira balaga. Yadda fasto ke wa'azi, yadda malami ke tafsiri, yadda masanan Girka na dā suke tsara gardama, yadda marubuta ke kama zuciyar mai karatu. Ina so ku ma ku shiga, masu magana a makoki."

Na ce, "Ni da Girkawa a littafi ɗaya?"

"Ai kai ma farfesa ne, Yaya. Kwali ne kawai ba ka da shi."

Kaina ya kumbura, na yarda. Ya riƙa bi na makoki-makoki da wayarsa yana naɗar muryata. In mun dawo ya biyo gida, Maman yara ta zuba masa gwaten acha, ya ci har ya nemi ƙari. Ita kam ba ta cika sakewa da shi ba. Takan ce, "Wannan Daktan naka, ko gaisuwa ya zo yi, kunne yake kawowa."

Sai ta rasu. Ciwon bai daɗe ba. Dangi suka ce in bari wani ya yi magana, na ce duk Nasarawa na yi wa mutane, ita ce ba zan yi wa ba?

A cocinmu, in 'yar zumuntar mata ta rasu, sauran matan sukan zo da ankonsu, ita kuma a shimfiɗa nata zanen a kan akwati. Zanenta yana da ƙunar dutsen guga a gefe guda, ta ƙone shi wata Lahadi tana sauri. Shekara da shekaru in za ta ɗaura sai ta juya ƙunar ciki, ta tambaye ni, "Ana gani?" Mace ce mai kunyar irin waɗannan abubuwa. Ina tsaye da lasifika a hannu, na fara magana, sai idona ya faɗa kan akwatin. Matan sun shimfiɗa zanen, ƙunar tana waje, tana kallon jama'a. Magana ta ɗauke mini. Abin da ke kaina kawai shi ne za ta ji kunya. Na ajiye lasifikar, na taka na je na naɗe gefen ciki, na shafa shi ya kwanta, na dawo. Abin da na faɗa bayan nan, har yau ban sani ba. Dakta yana wurin. Shi ya taya ɗaukar kujeru ma. Ban ga waya a hannunsa ba, ashe tana aljihun gaba tana naɗa.

Shekaru suka wuce, 'yata ta shiga jami'a. Ta dawo hutu, ta same ni a shago da tsakar rana, ta ajiye wani littafi mai kauri a kan kwalin fulogi.

"Baba, ka san wannan?"

Na ga sunan Dakta a bango. Na ce, "Ashe ya fito. Ina ciki?"

"Kana ciki."

Da Turanci ne, tana karantawa tana juya mini. Wai wani tsohon ma'aikacin masaƙa a kudancin Kaduna, a jana'izar matarsa. To wa ya rage bai gane ba? Ya rubuta cewa mai maganar ya yanke jawabinsa a daidai inda ya kamata, ya bar lasifika, ya je ya taɓa akwati, ya bar jama'a suna jira har zuciyarsu ta yi laushi. Wai tsohuwar hanya ce, ya kawo wani Bagirke da wani mai wa'azi ya jera mu tare. Ya yaba mini ma. Ya ce gwani ne.

Ta rufe littafin. "An kawo mana shi a jarrabawa. Aka ce mu bayyana dabarun da mai maganar ya yi amfani da su. Na amsa, Baba. Na ci."

Sai ta ɗago ta dube ni.

"Da gangan ka yi?"

Ranar jana'izar tana can baya a hannun gwaggonninta, ba ta ga ƙunar ba. Na ba ta labarin zanen tun daga Lahadin da aka ƙone shi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Baba." Na san irin wannan "to" ɗin. Yarinyar da ta girma tana ganina ina gwada shiru a ɗaki, ga kuma littafin Dakta ya faɗa, wa za ta bi? Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ba ta sake zama mu yi hirar uwarta ba.

Makokin da aka kira ni bayan nan, na tashi kamar kullum. Ina sauke murya sai na ji kamar Dakta na tsaye a bayana yana sa wa abin suna. Na ƙarasa da ƙyar. Daga nan in an aiko sai in ce maƙogwaro ke damuna, har suka gaji suka daina aikowa.

Da ya zama farfesa, 'yan ƙauyenmu suka shirya masa liyafa a Barnawa, suka ce ni zan yi jawabin yabo. Na ƙi. Amma na je, na tsaya a jikin motarsa har aka tashi.

"Yaya! Na yi ta nemanka a ciki."

Na gaya masa abin da littafinsa ya yi a gidana. Ya cire tabarau ya goge.

"Ai yabonka na yi, Yaya. Kuma ban sa sunanka ba. Mu a aikinmu ba ma bin abin da ke zuciyar mutum, abin da ya faru a gaban jama'a muke dubawa."

Ba ƙarya yake ba, abin da ya ƙara gajiyar da ni ke nan. A wurin na gane cewa in ka bar mai nazari ya saba da ƙofarka, ranar kukanka ma aiki ya zo yi, kuma shi bai san ya yi laifi ba. Ban ɗaga murya ba, ƙarfin ma babu.

Na ce, "Farfesa, ka ci gwaten matar nan har ka nemi ƙari. Kana kusa da ni ranar, ka san hanyar shagona. Tambaya ɗaya ce, me ya kai ni wurin akwatin, ba ka yi ba. Ka bar wa 'yata ita ta yi mini. Allah ya ja kwanan matarka. Amma in ranar ta zo, ka tashi a gaban mutane magana ta ɗauke maka, zan zo in zauna a baya, kuma ba zan tambaye ka ko da gangan ka yi ba."