Karkataccen Yatsan Dai Suqin

Shekara talatin da huɗu Dai Suqin ta yi tana gina butocin shayi a garinmu Dingshu, amma sunanta bai taɓa wuce bakin layinsu ba. Ba wai hannun ne bai iya ba, ta iya har ta gaji da iyawa. Tana 'yar shekara goma sha bakwai ta fara dukan jan yumɓu da gudumar katako, kuma a makon farko gudumar ta sauka kan manuninta na hagu, yatsan ya warke a karkace. Da wannan yatsan ta ciyar da gida, ta kai 'yarta Lingyu jami'a, ta yi jinyar mijinta har ya rasu.

Butocin kuwa Gwani Rong ne ke kwashewa. Kowa a garin nan ya san yadda ake yi, kowa kuma ya iya kame bakinsa. Mai hannu ya gina, mai takardar shaidar gwaninta ya zo tun yumɓu na da danshi, kafin a kai wuta, ya danna hatiminsa a gindin buta. Shi ke nan ta zama tasa, kuɗinta ya ninka sau hamsin. Gwani Rong mutum ne mai fara'a da farar riga, rabonsa da riƙe guduma tun gashinsa na baƙi, sai fa ranar da masu ɗaukar hoto za su zo.

Bara Suqin ta ce ya isa haka. Ta sa aka sassaƙa mata nata hatimin, Lingyu kuma ta bar aikin ofis a birnin Wuxi ta dawo gida don ta riƙa yi mata talla kai tsaye a waya, kamar yadda rabin garin ke yi yanzu.

Kwana goma sha biyu Suqin ta yi a kan butar farko. A zamanin Gwani Rong buta goma yake so duk wata, don haka waje kawai take gyarawa, ciki ta bar shi da tamoji da layin haɗi. Abin ya daɗe yana ci mata rai, domin tsohuwar da ta koya mata sana'a ba ta yarda a ce an gama buta sai cikinta ya yi sumul kamar cikin ɓawon ƙwai. Wannan karon ta zauna ta goge cikin nan tas, har sai da yatsa ke sulɓewa. Sannan ta danna sunanta a gindi.

Wani mutum a birnin Harbin mai suna Kou ya saya. Tsohon ma'aikaci ne da ya naɗa kansa alƙalin butoci, dubban mutane na kallonsa a waya suna jiran ya faɗa musu wacce ce ginin hannu, wacce ce ta zubi, wato wadda aka kwarara ruwan yumɓu a mazubi aka fitar. Bayan kwana tara butar ta dawo a kwalinta. Da hantsi Lingyu ta shigo ɗakin aiki da waya a hannu, fuskar nan a murtuke.

"Mama, ki zauna tukun."

"A zaune kika same ni. Kawo in gani."

Ga Kou a bidiyo, ya haska tocila cikin butarta yana girgiza kai. Wai jama'a su duba, babu tamoji, babu layin haɗi, hannun ɗan Adam ba ya barin wuri sumul haka, wannan zubi ce aka yi mata kwalliya. Mutumin da bai taɓa sa hannu a yumɓu ba! Shi da irinsa sun haddace cewa tamoji ne shaidar ginin hannu, alhali masu zubi a nan tuni suka koyi manna tamojin ƙarya a cikin kayansu, ana saye ana tafa musu.

Sai ya ce bari ya nuna musu aikin gaske. Ya ɗauko wata buta daga akwatin gilashi da hannu biyu, ya juya gindinta: hatimin Gwani Rong. Ya haska ciki yana lumshe ido, wai a ga yadda ran gwani ke kwance a kowane layi.

Suqin ta karɓe wayar ta matso da ita kusa da idonta. Ta san wannan butar. Ta san mariƙin da ya ɗan zame hagu, ta san murfin da bai zauna daidai ba. A watan da mijinta ke kwance a asibiti ta gina ta, cikin kwana biyu, tana yi tana duba agogo. Tun ranar da ta bar hannunta take jin kunyarta.

"Tawa ce," ta ce. "Kuma ita ce mafi muni da na taɓa yi."

Lingyu ta ce, "To mu faɗa mana! Mutane sun fara soke odarsu, Mama. Har 'tsohuwar 'yar damfara' ake rubuta miki."

Suqin ba ta ko cire rigar aiki ba ta hau kekenta sai gidan Gwani Rong. Ta same shi yana shan shayi a gindin bishiya. Ta ce kalma ɗaya take nema, ya faɗa wa duniya cewa hannunta na gaskiya ne.

Ya yi dariya ya zuba mata shayi. "Haba ƙanwata, ke kamar baƙuwa? In na ce na san hannunki, ai tambayata za a yi a ina na san shi. Ki dawo mu ci gaba kawai. Amma cikin nan ki daina goge shi, masu saye ba sa so."

"Shekara talatin da huɗu, Gwani. Buta nawa ka gina a ciki?"

"Ke kuma nawa kika sayar?"

Ta bar masa shayinsa yana tururi. A hanya har kusan buge mai sayar da awara ta yi don takaici.

Da ta isa gida ta ce wa Lingyu ta rubuta wa Kou. Akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Duk lokacin da za ta manna mariƙi, takan tokare bangon buta daga ciki da karkataccen yatsan nan, sai ya bar ɗan gurbi a kaikaice, can ƙarƙashin kafaɗa inda abin gogewa ba ya kaiwa. Babu butar da ta fita daga hannunta ba tare da shi ba.

"Ki ce masa ya sa yatsa a cikin ta Gwanin nasa, daidai bayan mariƙi. Ki ɗauki hoton cikin tawa ki tura masa. In yana da ido ya gani."

"Kin san in wannan ta fito, babu mai sake ba ki aiki a garin nan?"

"Na ce ki rubuta, ba shawara na nema ba."

Kwana biyu shiru. Suqin ta kasa dukan yumɓu, sai share teburin da babu ƙura take yi. Ran na uku Kou ya saki sabon bidiyo, suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna kallo. Ya sa yatsa a cikin butar Gwanin, fuskarsa ta canza. Ya ce lallai akwai gurbi, kuma iri ɗaya ne sak da na hoton da aka turo masa. Lingyu ta damƙe hannun uwarta.

Sai Kou ya dubi masu kallo ya daki tebur. "Kun ga inda rashin kunya ya kai? Yau na gano alamar sirri ta Gwani Rong, ashe wannan matar ta riga ni ganowa. Har yatsan bawan Allah ta kwaikwaya!"

Lingyu ta fara zagi, tana cewa za ta kira shi, za ta kai ƙara. Suqin kuwa ta ɗaga hannunta na hagu tana kallon yatsan, wanda ya karkace tun tana 'yar shekara goma sha bakwai, kamar yau ta fara ganinsa.

"Lingyu," ta ce, "ashe shi ma na Gwani ne."