Fuskar Baba a takardar lissafi

A shekarar da ake rufe garin Douala daga Litinin zuwa Juma'a saboda rikicin siyasa, shekarata goma sha bakwai, kuma ba ni da aikin da ya wuce zanen fuska. Makarantarmu yau a buɗe, gobe a sallame mu tun kafin ƙarfe tara. Sai in dawo gida unguwar New Bell, in zauna a baranda da tsohon littafin lissafi da ɗan madubin Inna. In haɗe gira, in duba, in zana. In yi dariyar ƙarya, in zana. A haka na gane cewa fushi a gira yake zama, tsoro kuma a farin ido.

Baba ɗan goro ne. Wata Lahadi, da yake Asabar da Lahadi kaɗai motoci ke tafiya, ya haye gada zuwa Bonabéri don ya karɓi kayansa. Ya ce a ajiye masa tuwo. Bai dawo ba. Ranar Litinin muka tashi da hayaƙin taya, ana cewa an yi guje-guje a bakin gada jiya da yamma, an kwashi wasu, wasu sun ji ciwo. Inna ta ɗumama tuwon sau biyu, daga baya ta ba maƙwabta.

Ranar Talata Kawu, ƙanen Inna, wanda ke aikin ofis, ya zaga gari da ƙafa yana cigiya. Ya dawo da azahar, takalmansa duk caɓi.

"Yaya, duk inda na je hoto suke tambaya," in ji shi. "Tsoho mai hula da gemu, sun ce rabin mazan unguwarmu ke nan."

Hoton Baba ɗaya ne a duniya, na katin shaidarsa, shi kuma yana aljihunsa. Inna ta juyo ta dube ni.

"Ke da kika cika mana gida da fuskoki, tashi ki zana mana ubanki."

Na zauna na ɗauki fensir. Na sa hular, na sa gemun, na sa tsagu biyun da ke kumatunsa. Da na miƙa mata, kallo ɗaya ta yi ta ture takardar.

"Wannan mutumin tsoro yake ji. Ban taɓa ganin Malam da irin wannan ido ba. Ɗauke min shi."

Gaskiyarta. Idon da nake gani a madubi tun Litinin shi na ɗora wa Baba. Na sake wani, na rage farin idon, na kwantar da girar. Ya fito shiru, ba rai, irin fuskar wanda aka shimfiɗe. Na yage shi kafin Inna ta gani, na cusa guntayen a murhu. Sai wani tsoro ya kama ni: na rufe ido ina neman fuskar Baba, na kasa samunta. Kwana biyu kacal, ga muryarsa a kunnena, amma fuskar ta ƙi tsayawa.

"Inna, na manta yadda yake," na ce, na fashe da kuka.

Ba ta lallashe ni ba. Ta jawo kujera ta zauna a gabana.

"Dube ni nan. In ana yi masa magana, haka yake yi."

Ta ɗan runtse idon hagu, ta turo leɓen ƙasa, ta karkata kai, kamar mai ɗanɗana goro bai gama yanke hukunci ba. Baba ne sak. Na ɗauki madubin ina kwaikwaya, ina zanawa, har kumatuna suka yi tsami. Wani ya fito kamar mai raini, wani kamar mai ciwon haƙori. Ruwa ya kece a kan kwanon rufi, ban tashi ba. Wajen la'asar na gane cewa ba idon kaɗai ba ne, akwai wata 'yar lanƙwasa a gefen baki, ta mutumin da ke shirin musu amma yana jin daɗin musun. Da na sa ta, Inna ta karɓa ta daɗe tana kallo, sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Kawu ya leƙa ta kafaɗarta ya ce da Faransanci, "C'est lui," wato shi ne.

Laraba fita ba ta yiwu ba. Alhamis da sassafe muka kama hanya a ƙafa, ni da Kawu. Ya so ya bar ni a gida, Inna ta ce in ruwa ya ɓata takardar wa zai zana wata? Na naɗe ta cikin leda na sa a ƙirji. A kan gada ban dubi ruwa ba ko sau ɗaya.

Mun nuna a masallaci, mun nuna a tasha, kowa ya girgiza kai. Sai wata mai gasa masara, ba Bahaushiya ba, ta karɓi takardar ta kwashe da dariya. Ta runtse ido, ta turo leɓe, ta ce da Faransanci, "Ai tsohon nan ne mai taurin kai!" Ta ce jama'a ne suka bi ta kansa ranar guje-gujen, ƙafarsa ta karye, ita da wasu suka kai shi wani ƙaramin asibiti a bayan tasha. Ita ke kai masa masara, don ya ƙi cin naman da bai san wanda ya yanka ba.

Mun same shi kwance kusa da taga, ƙafa a ɗaure, ya rame. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, ya dubi Kawu.

"Wa ya bar yarinya ta haye gada a irin wannan rana?"

Babu tasi ko ɗaya a hanya. A amalanke muka ɗauko shi, wani mai turawa da Kawu suna karɓa-karɓa, ni ina riƙe masa lema. Sai bayan la'asar muka shiga unguwa. Ƙafar ta warke, amma a karkace, da sanda ya ƙarasa rayuwarsa.