Muryar da ke Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Wallahi abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, shekarun baya lokacin da nake da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Magama, dab da bodar Jibiya, inda manyan motoci ke yini a layi suna jiran a duba musu kaya.

Wata rana da bazara, bayan azahar, irin zafin nan da kwalta ke rawa a ido, sai ga wata mata daga wajen Maraɗi ta sauke tsohuwar kwamfutar tebur naɗe cikin zane, ga kuma sabuwar laftof da ƙaninta ya saya mata. Tsohuwar kwamfutar ta marigayi mijinta ce. Na fara yi mata bayanin manhajojin da za su koma kan sabuwar da waɗanda sai an sake sa su, ta ce ita duk ba wannan ba. Akwai wata murya da ya taɓa ɗauka yana kiranta yana tsokanarta, ita take so. "Ɗan'uwana, na hwara manta yadda muryatai take," in ji ta. Maganar nan ta taɓa min zuciya ƙwarai.

Na jona kibod ɗina, na kunna. Da ƙyar ta tashi, tana wani ƙas-ƙas a ciki, kuma duk mai wannan sana'a ya san in ta fara haka, in ta mutu ta mutu ke nan da duk abin da ke cikinta. Sai kwamfutar ta nemi fasawod, wato kalmar sirrin buɗe ta. Matar ta ce sunan maigidan ne. Na ce to Hajiya, mene ne sunan? Ta sunkuyar da kai. Na ce ai yanzu lalura ce, ta ce ita tun da aka kawo ta ɗakinsa sunan nan bai taɓa fita bakinta ba, ba kuma yau zai fara ba. Ga shi ba ta iya boko ba balle ta rubuta. Kai jama'a! Na rasa dariya zan yi ko haushi zan ji. Ƙarshe ta tafi tasha neman wani direban garinsu da ya san shi.

Ina zaune ina kallon allon, fanka na juya iska mai ɗumi, hayaniyar boda ta yi nisa kamar an rufe ta da bargo, ban san ko gyangyaɗi na yi ba, sai na ga wani mutum a kan bencina, siriri, da farar riga, yana ƙanshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. Ban ji sallamarsa ba, amma na tuna na amsa. Ya ce a hankali, "Ma'azu na. Ka rubuta shi irin na Hwaransa, ka ƙare da o da u. Kuma injin ga bai san kibod ɗinku ba, na Hwaransa ya sani, inda kaka ganin Q, nan A take." Ya nuna min sauran haruffan da yatsa, na danna, ta buɗe. Na juyo in yi godiya, benci babu kowa.

Nan take na kwashe komai zuwa sabuwar laftof, hotuna, takardu, muryoyi. Ina gamawa tsohuwar kwamfutar ta yi tsit, ba ta ƙara tashi ba.

Na nemo muryar a sabuwar laftof na kunna, sai shuuu kawai, kamar iska a gonar gero. Na ce shi ke nan, fayil ya lalace, har na kai hannu zan goge don kada ta ji ta ƙara shiga damuwa, sai ga ta ta shigo ita kaɗai, ba ta sami direban ba. Ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ni dai shuuu nake ji, na rantse da Allah. Ita kuwa sai ta gyara mayafi, ta ɗan durƙusa, ta ce, "Na'am." Ta saurara, ta yi 'yar dariya hawaye na zuba, ta ce, "Kai dai ba ka canzawa."

Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Don haka ku da ake ba ku kwamfutar mamaci ku kwashe, ku kwashe komai yadda kuka same shi. Wanda kuka kunna kuka ji babu komai a ciki, ku bar shi, wataƙila ba ku ake kira ba.