Garin da Aka Zana da Ƙusa

A shekarun da nake aikin gini a Riyad, maigidana a wajen shimfiɗa tayil wani dattijo ne mutumin Italiya. Mu'allim muke ce masa, kamar yadda Larabawa ke kiran gwanin sana'a. Larabcinsa a karye, nawa ma haka, amma muna fahimtar juna.

Idan rana ta take muka tashi hutu, sai ya zauna a inuwar bango, ya ɗauki ƙusa ya zana garinsu a kan yashi. Ɗan ƙaramin gari ne a ƙololuwar dutse. Ga ganuwa, ga ƙofar da jaki mai kaya ke wucewa da ƙyar, ga hasumiyar coci, ga famfon dandali mai ruwan ƙanƙara da ba a taɓa rufewa. Famfon nan ya fi ba ni haushi, don mu ruwan jarka muke sha, mai zafi kamar shayi. Ya ce gudun mahara ne ya sa kakanninsu suka hau can.

Wata rana ya miƙo mini ƙusar ya ce, "Sadiki," wato aboki da Larabci, "zana naku."

Mu ma akwai kufai a kan dutsen bayan garinmu, amma ban taɓa tambayar kowa ba.

Da na je gida hutu, na zauna gaban kakata, ta ba ni labarin hawan mutanenmu da saukowarsu, har da inda rijiyarsu take. Ba ta ga wata damina ba. Allah ya saka wa Mu'allim da alheri. Ba don ƙusarsa ba, da an binne garin nan tare da ita.